Ɗan Kunnen Da Ya Koma Fari

Da hantsi wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda, ta kwance bakin gyalenta, ta ajiye ɗan kunne a teburin Sufeto.

"Ranka ya daɗe, Innarmu ta rasu jiya, bayan kwana huɗu tana tari. Wannan muka cire a kunnenta. Nata zinariya ne, ja jawur. Duba wannan, fari fat! Matar ƙanena ke jinyarta. Ita ta sauya shi, kuma ban yarda da abin da take dama mata ba."

Sufeto ya juya ɗan kunnen. Farinsa ba irin na azurfa ba ne, kamar dai an shafa masa hasken wata.

Sufeto ya bi ta zuwa gidan, mai ɗaki biyu. Matar ƙanen na zaune da jaririya a cinya, jaririyar na numfashi da ƙyar kamar ana busa ƙaramin usur.

"Wallahi ban ɗauki komai na Inna ba," in ji ta.

Mijinta, wanda ake ce wa Injiniya, matattun wayoyi da kwamfutoci yake saye yana kwancewa.

"A ina kake aikinka?"

"A shago, yallaɓai. Ko waya ɗaya ba na kawowa gida."

Yana magana hannunsa na rawa. Sufeto ya ga an cusa tsumma a duk kafar tagar ɗakin marigayiya.

"Wannan fa?"

"Sauro ne."

Sufeto ya kai ɗan kunnen wa wani maƙerin zinariya. Maƙerin ya fita fili, ya riƙe shi da hantsaki, ya kawar da fuska, ya kanga masa wuta. Farin ya tashi, jan ya dawo.

"Ba wanda ya sauya shi," in ji maƙerin. "Zaiba ce, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi, ta hau shi. Ita zaiba duk inda ta ga zinariya sai ta rungume ta. Da ita wasu ke tsinto 'yar zinariyar da ke cikin waya, sannan su ƙona, zaibar ta bi iska. Ba wari, ba launi, amma mai shaƙarta har hannunsa kan kama rawa. In kunne ya samu wannan, yallaɓai, me ƙirji ya sha?"

Sufeto ya koma gidan, ya sa aka janye gadon tsohuwar. Ga risho, ga ludayin ƙarfe, ga wasu ɗigo masu sheƙi suna gudu a siminti, ka ce suna da rai.

Injiniya ya zube ƙasa.

"An kore ni daga bayan shago saboda hayaƙi. Inna ce ta ce in yi a ɗakinta, ita ba ta jin komai. Na toshe taga kar maƙwabta su gani. Sau uku kacal. Tana zaune tana kallo, har tana cewa abin na da kyau."

"Jaririyar tana ina lokacin?"

Ya waiwaya ya dubi jaririyar.

"Tana goye a bayan Inna."

Yayarsa ta dafe bango. Matarsa ko kuka ba ta yi ba.

"Na ji an wanke ni, yallaɓai," in ji ta. "Ita wannan jaririyar, akwai abin da ke fitar mata da abin da ta shaƙa?"

Sufeto bai sani ba, kuma ya kasa yi mata ƙarya.

Mota ɗaya ya zo da ita. Ya sa wa Injiniya ankwa, ya zaunar da shi a baya kusa da matarsa, ya ce wa direba, "Asibiti tukuna."

A hanya Injiniya ya miƙa hannuwansa zai taɓa ƙafar 'yarsa. Ya dube su suna rawa, ya mayar da su tsakanin gwiwoyinsa.