Tebur Na Tara

Ƙarfe huɗu Manaja ya shigo sito yana huci, kamar kullum. Mutum ne da bai iya gaisuwa ba sai zagi, kuma ba zan ɓoye ba, na tsane shi.

Ya tsaya gaban allo da alli a hannu. Kwali dubu biyu da ɗari bakwai za mu liƙe, babbar mota kuma za ta tashi ƙarfe bakwai. Ɗari tara ke nan kowace awa. Mu takwas ne, kuma duk saurin mutum bai wuce ɗari a awa.

"Ranka ya daɗe, ba zai yiwu ba," na ce, don ni ne shugaban layi. "Ɗari uku za su rage."

"Tebur nawa ne a sitona?"

"Tara, amma..."

"To a raba tara. Yadda za ku yi, ku ta shafa. Motar nan ta tashi da giɓin kwali ɗaya, gobe kada in ga ƙeyarka."

'Ya'yana huɗu. Na karɓi allin na raba aikin tara.

Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya raɗa mini: "Na taran nan ba a sa shi a lissafi. In ka ba shi kaso, mai shi zai zo."

Tebur ɗin yana can ƙurya bayan tulin kaya, inda fitila ta daɗe da mutuwa. Ban taɓa ganin kowa a kansa ba.

Muka duƙufa. Rana na faɗuwa muka ji ƙarar salatif daga ƙuryar. Kiiir. Kiiir. Na ƙirga mu, takwas cif.

Kwalaye suka fara gangarowa kan bel ɗin tura kaya daga cikin duhu, a liƙe tsaf, da sanyi kamar an ciro su daga rijiya. Warin tsohon danshi ya cika sito.

"Kar ka waiwaya," in ji Dogo.

Bakwai saura minti biyar ƙarar ta tsaya. Na duba na'urar ƙidaya: saura ɗaya. Kaya sun ƙare, domin wani kwali ya fashe tun da rana.

Na leƙa ƙuryar ko akwai ragowa.

Wani ƙaton kwali a buɗe, babu komai ciki.

Numfashi a bayan wuyana.

Salatif ya zagaye idon sawuna, sau ɗaya, sau biyu. Aka fara jana zuwa kwalin. Na zaro rezar aiki na yanke, na rarrafo waje ba takalmi.

Manaja ya taho yana kumfar baki. "Saura ɗaya, 'yan iska! Ina kuka ɓoye shi?"

Ni ne na ɗaga hannu na nuna masa ƙuryar.

Ya shiga.

Kiiir.

Kwalin ƙarshe ya gangaro a hankali. Sai da mu huɗu muka ɗaga shi. Shi kam da ɗumi, kuma wani abu yana ƙarzar sa daga ciki. Direba ya danna oda. Muka dubi juna, muka tura shi mota.

Ƙarfe bakwai daidai ta tashi.

Har yau ina aikina, yarana suna cin abinci. Amma ban ƙara nuna wa kowa hanya ba, ko da ta masallaci ce.