Gishirin da Shanu Ba Su Lasa Ba

Ranar Litinin, shida ga Janairun 1975, da hantsi, aka kawo wa Sufeto Shitu rahoto a caji ofis na Agege: an fasa siton wata hukumar ƙasashen duniya mai koya wa mahauta gyaran ƙiraga, an kwashe gishiri buhu ɗari huɗu.

Wanda ya kawo rahoton akantan hukumar ne, Sunusi, mai kwat da tabarau. Har sunan ɓarawon ya kawo a bakinsa.

"Ranka ya daɗe, Malam Talle mai sito ne. Shi kaɗai ke riƙe makulli. Kwaɗon ya fasa don ya ɓad da sawu."

Sufeto ya miƙe. Ya ɗauki hularsa, suka nufi siton, bayan kara, kasuwar shanu.

Malam Talle na zaune a ƙofar sito. Dattijo ne, shekara talatin yana harkar fata a Ikko ba a taɓa kai shi gaban ko da Sarkin Hausawa ba. Yau ga kurkuku na kallonsa.

"Baba, ka ga gishirin nan da idonka?"

Talle ya sunkuyar da kai. "Na gani."

"Wace mota ta kawo?"

"Roka ce... ko tirela. Na manta."

Sufeto ya shiga sito, ya shafa daɓe, ya ɗanɗana yatsa. Ƙura ce zalla. A damshin Ikko kuwa, gishiri ko kwana ɗaya ya yi sai ya yi wa ƙasa gumi.

Daga nan ya wuce ofishin Baturen da ke shugabantar aikin, wani dogo mai jin Hausa kaɗan-kaɗan.

"Me ya sa kuka sayi buhu ɗari huɗu lokaci guda?"

Bature ya yi ajiyar zuciya. Ya ce kuɗinsu karo-karo ne na ƙasashe, ana tsara kasafin a hedkwata tun shekara biyu kafin a kashe. Kowane kuɗi da aljihunsa: na gishiri ba ya sayen taya, na taya ba ya biyan albashi. Kason gishiri bai iso ba sai Nuwamba. Abin da ya kai ƙarshen Disamba ba a kashe ba, sai ya koma, baɗi kuma a rage musu.

"Na gane," in ji Sufeto. "Maigidan da in uwargida ta dawo da canjin cefane, gobe ya rage mata. Wa zai dawo da canji? Nawa ya rage a aljihun gishirin?"

"Naira dubu ɗaya da ɗari shida da goma sha biyu, da kwabo arba'in."

"Rasit ɗin sayen gishirin fa?"

Bature ya duba, ya ɗago kai a hankali. Daidai wa daida, har kwabo arba'in ɗin. Kwanan wata, talatin da ɗaya ga Disamba.

"Yaushe odita mai binciken kuɗi zai zo?"

"Jibi."

Sufeto ya tura Sajensa unguwar Ebute Metta ya dubo shagon da aka rubuta a rasit, shi kuwa ya zauna cin tuwo a rumfar Iyatu, wadda ke kallon siton.

"Iya, kin ga ranar da aka sauke gishiri a can?"

"Gishiri?" Ta yi dariya tana kwasar miya. "Oga, kai ɗan birni ne? Kullum ta gindin bangon nan ake koro shanu zuwa mayanka. Da gishiri ya kwana a ciki, da sun lashe bangon har ya ɓule. Ni nan da ɗan ƙullin miyata ba sa barina in sha ruwa."

"Sam mini gishirin naki kaɗan."

Ya barbaɗa a gindin bangon, ya koma ya ci gaba da cin tuwonsa. Da aka koro garke, sai ga shanu sun yi cincirindo a wurin, suna ture juna. Da ƙyar masu kora suka raba su da bangon.

Sufeto ya wanke hannu, ya je ya tsuguna kusa da Talle.

"Baba, shanu sun ba da shaida. Saura kai."

Tsohon ya ɗago kai. "Ban ga ko buhu ɗaya ba, ɗana. Takarda akanta ya kawo, ya ce in dangwala, ta ƙarin albashi ce. Da safen nan ya ce mini ai hannuna na kan takardar karɓar kaya, in na musa laifina ya zama biyu. Ni ajami na sani. Kunya ta hana ni in ce ban iya karanta abin da nake sa wa hannu ba."

Bayan la'asar Saje ya dawo. Shagon na nan, amma na aski ne.

Aka taru a ofishin Bature. Sufeto ya ajiye rasit gaban Sunusi.

"Malam akanta, wanzami yake sayar muku da gishiri?"

Sunusi ya cire tabarau. Ya soma da Turanci, Turancin ya ƙare masa, ya dawo Hausa.

"Wallahi da fari don aikin na yi. Na ce kada kuɗin ya koma. In rubuta an saya, in ajiye, in sayo a Janairu."

"To, ina kuɗin?"

"Na ga fili a Ikorodu... na ce zan mayar kafin Maris. Sai ga waya odita na tafe."

"Sai ka nemo tsohon da bai iya karatunku ba, ka ɗora masa."

Saje ya sa wa Sunusi ankwa, ya fita da shi ta gaban rumfar Iyatu, wadda ta bi shi da kallo da ludayi a hannu.

Bature ya miƙa wa Talle makullansa da hannu biyu. Sai kuma ya tuna an fasa kwaɗon, ya buɗe littafin kasafi, ya yi ta bin layi da yatsa.

"Babu kuɗin kwaɗo bana," ya ce. "Sai na rubuta wa hedkwata."

Talle ya jefa makullan a aljihu.

"Kada ka wahalar da su, Bature. A bar shi a buɗe. Abin da ke ciki, ko shanu ba sa so."