Ɗakin Albasar Alhaji Mode

Mahbuba na wanke shinkafa a tsakar gida ta ji mahaifinta yana korar saurayinta daga zaure. Alhaji Mode ya shekara talatin yana aikin ofis a Sakkwato, ya dawo Wurno da tabarau da yaƙinin babu abin da bai sani ba. Bana ya noma albasa. Saurayin nata Shafi'u, manomin lambu daga Magarya, ya zo gaisuwa ya tarar ana jibge ta ɗanya a ɗakin siminti mai rufin kwano. Cikin ladabi ya ce da an kai ta rudu, rumfar kara inda take shan iska.

"Kai za ka koya min? Da mi?" in ji Alhaji. Ya rantse ɗiyarsa ba ta auren mai yi wa manya gyara, ya garƙame ɗakin da kwaɗo.

Mahbuba ta yi kuka har idonta ya kumbura. Shafi'u ya aiko mata ta waya cewa ta yi haƙuri, kada ta yi wa Baba musu.

Sati uku, baƙin ruwa ya fara tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofa. Wari ya cika unguwa, ƙudaje kuwa an ce har na Rabah sun zo. Uwargida Hajiya Fatsuma ta koma cin tuwo a maƙwabta. Shi ko Alhaji sai ya shimfiɗa darduma daidai bakin ɗakin, yana kurɓar shayi, yana gaya wa baƙi kwatar bayan gida ce. Liman ya yi sallama, ya toshe hanci da rawani, ya juya.

Ranar da Alhaji ya kelaya amai a kan babbar rigarsa gaban mutane, Mahbuba ta durƙusa.

"Baba, kowa ya sani. Kai ɗai ka rage."

Ya daɗe yana kallon rigar. "Wanga yaro, in ya biyo ta nan, ban hana shi shigowa ba."

Shafi'u ya zo da amalanke. Ya sa hannu cikin ruɓa da tsutsa har gwiwar hannu, ya tsamo buhu bakwai masu kyau cikin sittin, bai ce uffan ba game da rudu. Da la'asar Alhaji ya aika a kira magabatan Shafi'u.

Yara, girman kai yakan zaunar da mutum cikin ɗoyinsa yana murmushi, mai haƙuri kuma bai rasa rabonsa. An ɗaura auren bayan Sallah. Har yau Alhaji na gaya wa majalisa cewa da gangan ya ruɓar da albasar, don ya gwada surukinsa.