Ruwan da Ba Shi da Tsawa

Ƙarfe huɗu na yamma daidai, Rumfar Sama ta buɗe bututunta, ruwa ya fara sauka a kan Birnin Gulbi. Ba iska, ba walƙiya, ba tsawa. Shekara uku ke nan da aka rufe birnin da wannan rufin gilashi, damina ta koma abin da ake kunnawa da maɓalli.

Dakta Ladidi Jatau tana tsaye a bakin fadamar da aka killace, ta ƙura wa allon hannunta ido. Ɗigo arba'in da ɗaya ne a kai, kowane ɗigo kwaɗo ne mai jan maƙoshi, kwance a ƙarƙashin ƙasa. Su kaɗai aka sani sun rage a duniya. Irin wannan kwaɗo idan rani ya shigo yakan haƙa rami, ya lulluɓe kansa da busasshiyar fatarsa, ya yi ta barci har ruwa ya dawo, sannan ya fito ya yi ƙwai. Amma damina uku ke nan babu wanda ya motsa, kuma duk shekara sai wasu sun mutu a ramin.

Ta auna zafi, daidai yake. Ta auna laima, ita ma haka. Har ruwan ta sa an canja sau biyu.

"Dakta, har yanzu shiru?" in ji Malam Ɗanlami, tsohon da ke gyaran bututun fadamar.

"Wallahi Baba na rasa gane kansu. Duk abin da bincike ya ce suna so na ba su."

Tsohon ya share ruwa daga fuskarsa. "Mu dai da muna yara, ba yayyafi ke fito da su ba. Sai an yi tsawar nan mai girgiza ƙasa. Wanda ke cikin rami ina zai ga ruwa? A jikinsa yake ji."

Mako uku ta yi tana neman izini, sannan aka binne na'urar girgiza a gefen fadamar. Ranar da aka kunna, ƙasa ta yi wani rugugi har cikin haƙora. Bayan sa'a biyu laka ta fara tsagewa. Ƙananan kawuna suka leƙo, maƙoshi ja kamar gauta. Ladidi ta durƙusa cikin taɓo tana dariya, hawaye na zuba.

Sai wayarta ta yi ƙara. Wani jami'in tsaro ne daga Sabuwar Kasuwa.

"Hajiya, ke ce mai kwaɗi? Ki zo ki ji abin da muke ji."

Da suka isa ita da Malam Ɗanlami, mutane sun yi cirko-cirko. Ladidi ta kwanta ta ɗora kunne a kan siminti. Kuka ne, na dubbai, yana tasowa daga ƙasa. A kan tsohuwar fadama aka gina kasuwar, babu wanda ya duba ƙarƙashinta. Girgizar ta isa har nan. Kuma kwaɗon da ya yage lulluɓinsa ba ya iya komawa barci. Ko ya fito, ko ya mutu.

Malam Ɗanlami ya ɗaga diga. "Daga ina za mu fara?"

Ta nuna gabas, ta sauke hannu. Ta nuna ƙofar shiga. Kukan ta ko'ina yake.

Kwana biyu suna fasa siminti, 'yan kasuwa na taya su da guduma. Kwaɗi ɗari biyu da goma suka ciro da rai. A rana ta uku ƙasa ta yi shiru.

Hukumar birni ta aiko mata da takardar yabo: jinsin da ake gudun ƙarewarsa ya ninka sau shida a hannunta. Ladidi ta karanta sau biyu, ta miƙa wa tsohon.

"Baba, ceto na yi ko kisa?"

Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya mayar mata da ita.