Acaɓa Biyu Daga Sabon Gari

Malam Shitu bai fito da amaryarsa Rahamatu daga Samaru don wani ƙato ya goya ta a babur ba. Hoto suka je ɗauka Sabon Gari, suka tarar da shagon a garƙame. Suka koma tasha, ga wahalar mai, babu bas ko ɗaya har aka yi isha'i. Dole suka hau acaɓa biyu, nata a gaba.

Tun kafin Kwangila ya hango ta tana ta dariya da ɗan acaɓanta. Ya daka wa nasa tsawa.

"Kai, ƙara wuta ka cim musu. Uban me yake gaya wa matata?"

Nasa ɗan acaɓan ko gezau. Bayansa sanyi kamar randa, rigarsa sai warin ɗanyar ƙasa. Sai a lokacin Malam Shitu ya lura suna ta tafiya, amma babu ƙarar inji.

"Da ciwo, ko?" in ji mutumin, bai waiwayo ba. "Haka nake kallon Kyauta da kai kullum."

Mutum ɗaya ne ke kiran Rahamatu Kyauta, mijinta na fari. Da Malam Shitu aka ɗauki makararsa.