Gidan Mahmudu, Sunan Mansura

"Halas, shi ke nan, na yarda. Amma mabuɗi ɗaya nawa ne."

Hajiya Mansura ce ta faɗi haka a shagon yadin Alhaji Mahmudu da ke kasuwar Bab Makka, can ƙasa mai tsarki. Shekara arba'in yana auna yadi, yanzu gwiwa ta ƙi hawan bene. Ya samo gida marar bene a unguwar Bani Malik inda zai ƙarasa tsufansa, sai dai shi baƙo ne mai iƙama, wato takardar zama, ba shi da izinin mallakar gida, ita kuwa 'yar ƙasa, haifaffiyar unguwar Hindawiyya. Da sunanta za a rubuta takardar gidan.

"Mabuɗi kuma? Na me?"

"In riƙa leƙa dukiyata mana!"

Ya yi dariya har da tari.

Ɗansa Hashim bai yi dariya ba.

"Baba, duk guminka ka damƙa wa bazawara? Gobe ta ce fita, wa zai tsaya maka? Ga abokina Tariq, a sa sunansa, amintacce ne..."

"Amintaccen da ya sayar da motar surukinsa?"

Hashim ya zagaya ya zuga Fauziyya 'yar Mansura, ita kuma ta tare uwar.

"Ummi, haram! Duk Hindawiyya ana cewa kin karɓi mabuɗin gidan namiji!"

Washegari Mansura ta dire mabuɗin a kan teburin awo, idonta jajir.

"Nemi wani sunan, Alhaji. Mutuncina ya fi gida."

Ya daɗe yana kallon mabuɗin.

"Mansura... mutum huɗu suka yi min tayin sunansu, har da limaminmu. Na ƙi."

"Don me?"

"Da liman zan riƙa shan shayi a tsakar gida? Shekara shida kina sayen yadin da ba kya ɗinkawa, ni ina yi miki ragin da ba na yi wa kowa. Mu daina wahalar da juna, ya galbi, zuciyata."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Tsoho da kai, ba kunya!"

"Kunyar ce ta bar ni gwauro shekara goma. Yalla, me kika ce?"



"Ɗakin da ke kallon bishiyar lemo nawa ne."

"Har da lemon!"

Ranar Juma'a aka ɗaura aure, Fauziyya ta fi kowa guɗa.

Mansura ta samu gida da miji. Mahmudu ya biya kuɗin gida, ya biya sadaki, ya koma zaman alfarma a gidan matarsa, amma rantsuwa yake bai taɓa cin riba irin wannan ba. Tariq ne ya yi asara, don an ce har ya auno labulen gidan.