Ruwan Gidan Fatu

"Sau uku ke nan, Khaula. Sau uku ina miƙa wa yaron nan ruwa yana ce mini ya gode. Kofinmu ne bai yi masa ba, ko mu ne ba mu yi masa ba?"

Khaula ta ci gaba da wankin waken suya a gaban Ummanta. Ita dai ta san ranar da ta fara ganinsa: ya sauko daga bayan a-kori-kura a lungunsu na Jikwoyi, rungume da kan injin markaɗe, farar rigarsa duk baƙin mai. Suka haɗa ido, ya rasa inda zai ajiye injin.

Musaddiq sunansa, ma'aikacin wata ƙaramar ƙungiyar bashi ta Musulunci. Su ba sa ba ka kuɗi a hannu. Abin sana'ar da kake so za su sayo, su sayar maka da ribar da aka faɗa tun farko, ka riƙa biya duk Laraba, babu kuɗin ruwa. Umma Fatu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗakin haya, ta shiga rukunin mata biyar, kowace ta tsaya wa 'yar uwarta, ita ta karɓi injin nan ta kafa a rumfarta ta bakin titi.

Duk Laraba zai zo karɓa, ga rana, leɓensa a bushe, amma ko kurɓa ɗaya. Da ya fara tsayawa gaisawa da Khaula a bakin ƙofa, Umma ta ce sam, wanda ke ƙyamar ruwan gidanta ba zai nemi 'yarta ba.

Khaula ta tura masa saƙo: "Malam Mai Ƙishi, Umma ta yi fushi. Laifin me ruwanmu ya yi?"

Ya amsa: "Gimbiyar Jikwoyi, wallahi ina ganin kofin nan maƙogwarona na motsi. Malaminmu ya koya mana, wanda kake bi bashi ba ka cin nasa, ko ruwa ne, kar ya zama ƙari a kan bashin. Shi ya sa ban turo iyayena ba. Ba na so a ce an haɗa da ke aka biya."

Ta karanta wa Umma. Umma ta ce ita ba ta san wannan karatun ba. Sai da ta tambayi Malamarsu ta Islamiyya, aka ce mata yaron tsoron Allah ne ya yi masa yawa, sannan ta sauko. Saura wata huɗu a gama biyan bashin.

Sai rusau ya zo. Lokacin gari na ta bunƙasa, ko'ina gini, ana faɗaɗa hanya. Da hantsi katafila ta bi layin rumfunan bakin titi, ba a ba kowa damar kwashe ko tsinke ba. Khaula ta tono injin daga ƙarƙashin bulo da hannunta, ya lotse kamar gwangwani. Umma ta zauna a kan ɓaraguzan, ba kuka, sai innalillahi. Daga ranar hawan jini ya kama ta.

Ofishin su Musaddiq suka ce ba za a ƙara ko sisi ba, kuma za a saurara musu. Amma bashi na nan. Biyu daga cikin matan rukunin sun kwashe yara sun koma ƙauye, nauyinsu ya faɗo kan ukun da suka rage.

Nan Oga Ɗangoggo mai gidan bulo ya shigo, da buhun shinkafa. Ya ce zai share bashin a yini ɗaya, ya ba su shago, in dai Khaula ta saurare shi. Shi kam ya sha ruwa, har ya nemi ƙari. Umma ta dubi maganinta da ya ƙare, ta dubi 'yarta, ta ce ba ta tilasta mata, amma ta yi tunani, soyayya ba ta biyan kuɗin haya.

Musaddiq ya ji labari. Ya turo: "Zan sayar da babur ɗina in biya. Kar ki bar ni, Gimbiya."

Ta daɗe riƙe da wayar kafin ta rubuta: "In ka biya, mene ne bambancinka da shi? Ka bar babur ɗinka. Ka jira ni."

Ta mayar da shinkafar. Ta ari kasko, ta zauna suyar awara a hanyar Nyanya, markaɗen ma sai ta biya a injin wasu. Mai ya tsallaka mata a hannu ya bar tabo. Akwai Larabar da ɗari biyu kawai ta miƙa masa, ya rubuta a kati, bai ɗago ya kalle ta ba. Wata huɗu ya zama wata goma sha bakwai. Umma ta rame, ido ɗaya ya fara dushewa.

Larabar ƙarshe ya buga hatimi a katin. Ranar Juma'a kawunsa Malam Maude ya zo da goro. Bayan sati uku aka ɗaura a masallacin unguwa, babu kiɗa, matan rukunin biyu suka dafa shinkafa da wake.

Da la'asar ango ya shigo gaida suruka, ya durƙusa a bakin tabarma. Umma ta sa musu albarka, ta ce Allah ya raba su da bashi, ya ba su rufin da ba mai rushe shi. Sai ta lalubo tsohon kofin silba, ta ɗebo ruwa a randa da kanta, tana dafa bango. Khaula na leƙe ta bayan labule, ta ga idon mijinta ya ciko.

Umma ta miƙa, ruwan na zuba a tabarma.

"Ba ka bin mu komai yanzu, ɗana. Karɓi ka sha, in gani da idon da ya rage mini."